Yoyon fitsari: Me ake nufi idan aka ce tiyata ta yi nasara?

Duk shekara idan 23 ga watan Mayu ta zagayo, wato ranar yaƙi da yoyon fitsari ta duniya, sai a yi ta jin sanarwa: an yi wa mata kaza tiyata, kashi kaza sun warke. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi wace irin tiyata aka yi ba, balle abin da ake nufi da warkewar.

Tambayar ba ta masana kaɗai ba ce. Matar da doguwar naƙuda ta bari da wannan lalura a Gidan Goga, cikin ƙaramar hukumar Maradun, sai ta bi hanyar da 'yan bindiga suka addaba kafin ta kai Gusau, wani lokaci ma har Babbar Ruga a Katsina. Kuma aikin farko ne ya fi yiwuwar rufe ɓular, domin duk maimaici yana ƙara tabo.

Likitan da zai yi mata aikin ya dogara da abin da ya koya a hannun na gaba da shi, da kuma rubutattun bincike. Mafi daraja a cikinsu shi ne wanda ake tattaro duk nazarin da aka yi kan matsala ɗaya, a tace, a auna su wuri guda.

To, a nan gizo ke saƙar. Ƙwayar magani layi ɗaya ya isa a rubuta sunanta da awonta. Tiyata kuwa sai an faɗi ta inda aka shiga, irin zaren, ɗinki hawa nawa, ƙwarewar mai aikin, da kwanakin da robar fitsari ta yi. Idan masu binciken farko ba su rubuta ba, mai tattarawa zai haɗa ayyuka mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya, likitan da ke karantawa kuma ba zai iya kwaikwayon wanda ya fi kyau ba.

Wani nazari da mujallar BMJ ta Ingila ta buga a 2013 ya duba hanyoyin jinya 137 waɗanda ba na shan magani ba, har da tiyata. Kashi 39 cikin 100 kacal aka bayyana yadda ya kamata. Shekara guda bayan haka aka fitar da jerin tambayoyi 12 mai suna TIDieR, domin masu bincike su riƙa cikewa.

A fannin yoyon fitsari akwai ƙarin ƙulli. Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan da ya shafe shekaru yana wannan aiki a Babbar Ruga, yana da tsarinsa na rarraba ɓula. Dakta Judith Goh ta Ostireliya ma tana da nata. Abin da wani ya kira ɓula mai sauƙi, wani ba zai kira ta haka ba. Sannan ana iya rufe ɓula sarai amma fitsari ya ci gaba da zuba. A takarda an yi nasara, ita kuwa matar har yanzu tana wankin tsumma.

Amfanin cikakken bayani ya fito fili a binciken da mujallar Lancet ta buga a 2015, wanda aka yi a ƙasashen Afirka takwas, ciki har da Najeriya da Nijar. Abu ɗaya aka gwada: a bar robar fitsari kwana 7 ko 14 bayan ɗinkin ɓula mai sauƙi. Ɗinkin ya warware wa kimanin kashi 4 a rukunin farko, kashi 3 a na biyu, bambancin da bai taka kara ya karya ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kwana 7 zuwa 10. Ga mai jinyar da ta baro yara da gona, mako guda ba ƙaramin abu ba ne, gadon kuma ya samu wata.

A ganina, darasin ya shafi cibiyoyinmu na Gusau da Sakkwato da Kano da Katsina kai tsaye, domin daga rajistarsu ake samo alƙaluman. Masu wancan binciken sun bi matan har wata uku bayan aiki. Matar Gidan Goga da aka sallama, idan kuɗin mota ko tsoron hanya ya hana ta komawa a duba ta, abin da aka rubuta ranar sallama shi zai zauna a matsayin sakamakonta, ko da ɗinkin ya warware bayan ta isa gida.