Talla daban, kaya daban

Yau a wannan fili zan ba ku labarin abin da ya faru da ƙungiyarmu gab da ƙaramar salla, don kada ya faru da ku.

Wata daga cikinmu ta ga talla a WhatsApp: atamfa mai kyau, turmi jaka 6, wai ragi ne na salla. Muka yi shawara, muka buɗe asusu, muka ɗauki kuɗin turmi 20. Mu uku muka tafi kantin da ke kusa da Kasuwar Dole. Da isarmu mai kanti ya ce: "Ai Hajiya, waccan ta ƙare tun da safe, amma ga wadda ta fi ta, jaka 9." Ya shimfiɗa mana tabarma, ya kawo ruwan sanyi. Kunya ta kusa sa mu saya. Allah ya sa ma'ajiyarmu ta ce kuɗin mata 30 ne, ba a ba mu izinin ƙara ko dala ba. Muka taso. Bayan kwana 3 tallar tana nan yadda take. Ashe ba a taɓa samun turmin jaka 6 ba, ƙugiya ce aka jefa mana.

Ku sani, wannan ba wayon kasuwa ba ne, algus ne, kuma malamanmu sun ce haramun ne. Hukuma ma ba ta yarda da shi ba. Tun 2015 Nijar tana da dokar kare masu saye. Idan kuma mutum ya karɓi kuɗinki da dabarar yaudara, dokar hukunta laifuka ta kira shi zamba, hukuncinsa ɗauri da tara.

Sai dai gidan shari'a ba ya aiki da "an ce". Saboda haka ki ɗauki hoton tallar kafin a goge ta. Kada ki ba da kafin alƙalami sai kin ga kaya da idonki. Ki karɓi takardar shaidar biya, da kuɗi da sunan kaya a rubuce. Ku tafi ku biyu ko uku. In an cuce ku, ku fara da shugabannin kasuwa, in abin ya gagara ku kai ƙara kwamisariya.

Kuɗin asusu amana ne, dala-dala muka tara shi. Tashi ba a saya ba, ba abin kunya ba ne.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.