Nawa Ne Babur Ɗinka A Yau, Kuma Wa Zai Shaide Ka?



A zamanmu na ƙarshen wata, maganar da ta fi cin lokaci ita ce ta wani yaronmu ɗan acaɓa wanda tifa ta murƙushe wa babur a hanyar Akwanga. Allah Ya tsare ransa, ya tashi da karaya a ƙafa, amma babur ya zama na 'yan gwangwan. Mai motar bai yi gardama ba, ya ce zai biya. Da aka zauna sulhu sai ya nemi rasit, aka kawo masa na shekarar 2021 mai ɗauke da N380,000. Nan take ya ce sai a cire na tsufa, ya ajiye rabin kuɗin. Dattawanmu suka ce sabon irinsa yanzu ya haura miliyan, na hannu ma bai samuwa a wannan kuɗi. Ya ce ya ji, amma ina takardar da ta nuna darajar wannan babur ɗin a ranar da abin ya faru? Aka yi shiru. Yaron ya karɓi abin da aka ba shi, rabi ya tafi wajen ɗori, yau babur ɗin wani yake ja yana kai balas kullum yamma.

Mun rubuta wannan ne domin mu ce wa jama'armu lokaci ya yi da za mu ɗauki ƙiyasta darajar babur a rubuce, ta hannun wanda ya san aikin, da muhimmancin da muke ba takardar fili. Akasarin gidajenmu ba su da gona a nan, da yawanmu haya muke zaune. Babur shi ne gonar, shi ne kuɗin makaranta, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Tun da aka hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja a watan Oktoban 2006, zamanin minista Nasiru El-Rufa'i, 'yan'uwanmu da dama suka gangaro Mararaba da Masaka har zuwa nan Keffi da baburansu. Kano ma ta hana a watan Janairun 2013, Legas ta tsananta nata hanin a 2020 da 2022, har ana niƙe baburan da aka kama. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Dukiyar da ke yawo a titi kullum tana cikin haɗarin karo da sata da kamu, saboda haka ita ta fi kowace buƙatar shaida.

Dalilin da ya sa tsohon rasit ya daina wadatarwa a fili yake. Baburan da muke hawa, su Bajaj Boxer da TVS daga Indiya suke, su Jincheng da Haojue kuma daga Sin, ko da a nan aka harhaɗa su da dala ake shigo da kayan. Kafin watan Yunin 2023 gwamnati na sayar da dala a wajen N460, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce N1,500. Wannan ya jawo abin da iyayenmu ba su saba gani ba, wato mutum ya yi shekara uku yana aiki da babur, amma kuɗinsa a kasuwa ya fi yadda ya saye shi sabo. Duk wanda ya dogara da rasit kaɗai ranar da asara ta same shi, ya yafe wa wanda ya yi masa ɓarna dubban ɗaruruwa bai sani ba.

Mu fara da gaban alƙali. Ƙa'idar kotunan ƙasar nan ita ce wanda ke neman diyyar wani abu takamaimai, shi zai faɗi adadin, shi kuma zai tabbatar da shi da hujja. Idan abin hawa ya lalace gaba ɗaya, abin da ake dubawa shi ne darajarsa a kasuwa lokacin da ya lalace. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 68, ta yarda kotu ta saurari ra'ayin ƙwararre a kan abin da ya shafi sana'arsa. Ke nan bakanike ko dillalin da ya daɗe a harkar, wanda ya duba babur ya rubuta abin da ya gani, kuma ya yarda ya tsaya a yi masa tambayoyi, maganarsa na iya yin nauyin da rantsuwar mai babur ba za ta yi ba. Tsarin Mulki na 1999 a sashe na 42 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa ko garinsu na asali, sashe na 44 kuma ya hana a ƙwace dukiyar mutum sai ta hanyar doka. Babu inda aka ce sai ka nuna takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma kafin a biya ka diyya. To amma ɗan gari yana da dangi da masu unguwar da suka san shi tun kakanni, mu kuwa sau da yawa takarda ce danginmu a ofis. Waɗanda suka ga rikicin Jos na 2001 da na Yelwan Shendam na 2004 sun san cewa bayan ƙura ta lafa, abin da ake tambayar mutum shi ne me ka rasa, nawa ne, ina shaidarka.

Sai maganar inshora, inda ake yawan ruɗar mutanenmu. Takardar da doka ta wajabta, wadda 'yan sanda suka tsananta bincikenta daga 1 ga Fabrairun 2025, ɓarnar da ka yi wa wani take biya. A farashin da hukumar NAICOM ta sa daga Janairun 2023, ta babur N3,000 ce a shekara, tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har zuwa naira miliyan ɗaya. Ba ta biyan ko sisi idan naka babur ɗin ne ya ƙone ko aka sace. Mai son wannan sai ya yi cikakkiyar inshora, ita kuma a kan darajar da aka rubuta ake lissafa ta. Idan ka rubuta ƙasa da gaskiya don ka rage abin da za ka biya, ranar asara gwargwadon haka za a rage maka. Idan ka zuga kuɗin, kamfani zai turo mai ƙiyasta asara, ba zai biya fiye da darajar kasuwa ba. Masu ƙyamar inshora saboda addini su sani akwai tsarin takaful, wanda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013, kuma akwai kamfanonin da ke yin sa. Muna kuma jan kunnen matasa game da takardun bogi da ake yankawa a bakin tasha, a tabbatar sunan mutum ya shiga rajistar kamfanonin inshora kafin a biya.

Wasu dattawa sun ce mana rubuta darajar dukiya tona wa kai asiri ne ga masu haraji. Mun fahimci wannan tsoro, domin mun sha ganin yadda ake tare yaranmu a hanya ana yanka musu tikiti kala-kala, alhali dokar haraji ta 1998 ta haramta kafa shinge a titi don karɓar haraji. Sai dai kuɗin lamba da na sabunta takardu bisa nau'in abin hawa ake sa su. Harajin mutum kuma a kan abin da yake samu ne, sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ma ta cire haraji daga N800,000 na farko na samun mutum a shekara. Wanda ke da babura biyar ko shida a hannun yara, in ba shi da lissafi, jami'i zai kimanta masa yadda ya ga dama, kuma ba shi da abin da zai ƙalubalance shi da shi. Masu sayar da babura kuwa, malamanmu sun sha faɗa cewa zakkar kayan kasuwanci da farashin ranar fitarwa ake lissafa ta.

A cikin gida ma haka abin yake. Sau nawa aka kira mu rabon gado, babban ɗa ya ce a bar masa babur a kan kuɗin da marigayi ya saya, mata da marayu suna kallo ba su san an tauye su ba? Ga kuma yaran da ke karɓar babur a kan biya kaɗan-kaɗan, su kusa gamawa a zo a ƙwace don sun yi fashin sati biyu. Dokar irin wannan ciniki ta 1965 ta ce idan an biya kashi uku cikin biyar na kuɗin abin hawa, mai shi ba ya karɓe shi ya mallake sai ta hanyar kotu. Amma yaron da ba a rubuta masa farashi da abin da ya biya ba, da me zai nuna ya kai wannan matsayi?

To yaya ake ƙiyasin gaskiya? Ana farawa da farashin sabo a ranar, a tambayi shaguna biyu ko uku. Sannan a duba shekarun babur, da irin aikin da ya yi, domin na malamin makaranta ba ɗaya yake da na acaɓa ba. A duba ko an taɓa buɗe inji, ko firam ya taɓa lanƙwashewa, da halin taya da birki da sarƙa. A gwada da kuɗin da aka sayar da makamantansa kwanan nan. A rubuta lambar inji da ta shasi da ta rajista, a ɗauki hoto, a sa kwanan wata, mai ƙiyasi ya sa hannu tare da shaidu biyu. Babur marar takardu darajarsa a ƙasa take ko da yana ƙyalli, kuma mai sayensa na iya kwana a ofishin 'yan sanda in ya zama na sata.

Don haka shawarar da za mu kawo zama mai zuwa ita ce ƙungiya ta naɗa mutum uku, bakanike ɗaya da dillali ɗaya da marubuci, waɗanda ba su da hannu a cinikin babur ɗin da za su duba. A buɗe littafi, kowane gida ya kawo nasa sau ɗaya a shekara, a ba shi kwafi, asali ya zauna a ofis. Idan magana ta kai kotu ko kamfanin inshora, ƙungiya ta taimaka a nemi lauya da ƙwararren da hukuma ta san da shi, littafinmu ya zama madogara. Sharaɗi ɗaya ne, ba za mu ƙara wa kowa ko naira ɗaya don sanayya ba, domin ranar da aka kama ƙarya guda a littafin, duk sauran shafukan sun zama banza.

Da yawanmu da girmanmu muka shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma mun ga abin da iya karanta takarda ya tsare mana. Iyaye mata, ku tambayi 'ya'yanku ina takardun babur suke, ku adana kwafinsu inda ruwa da gara ba sa kaiwa. Wanda bai iya rubutu ba ya zo ofis bayan la'asar, za a cike masa kyauta.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya ba yaronmu lafiya, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.

Sakataren Ƙungiya,
Tudun Ƙofa, Keffi.