Digirin shekara huɗu da ke cin shekara shida: wa ke biyan kuɗin jinkirin?

A takardar shiga jami'a, yawancin kwasa-kwasan digirin farko a Najeriya shekara huɗu ne, injiniya da lauya biyar, likitanci shida. Amma duk uban da ke Kambarawa ko wata unguwa ta birnin Katsina, wanda ya kai ɗansa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, ya san wannan lissafi a takarda ya tsaya. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aikin wata tara, daga Maris zuwa Disamba, ga kuma kullen korona. A 2022 ta sake yin na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibin da ya shiga aji ɗaya a 2019 ya rasa wata goma sha bakwai ba tare da ya faɗi jarrabawa ko ɗaya ba. Bai kamata a ɗora wa ɗalibi waɗannan watanni ba, tunda ba shi ya ɓatar da su ba.

Amma shi ake ɗora wa. Dokar hidimar ƙasa ta tanadi cewa wanda ya haura shekara 30 a lokacin kammala karatu ba zai tafi ba, takardar yafewa za a ba shi. Bankuna da kamfanoni da yawa kuma suna ƙayyade shekarun masu neman aiki ƙasa da haka. Ɗan talaka a Arewa, wanda sau da yawa yakan fara boko a makare, ya kuma rubuta JAMB fiye da sau ɗaya, shi ne wannan ƙa'ida ta fi kamawa. Ga kuɗin hayar ɗakin da ya ƙare alhali ba a shiga aji ba, ga ɗalibai mata da aure ke riska a tsakiyar karatu, wasunsu ba sa komawa. Malamai sun karɓi albashin wata huɗu daga cikin takwas da aka riƙe musu saboda yajin 2022, ministocin da suka gaza sasantawa sun gama wa'adinsu lafiya, ɗalibi kuwa babu wanda ya mayar masa da ko mako guda.

Wasu za su ce ai akwai ɗaliban da wasa ke sa su maimaita kwas. Gaskiya ne, kuma dokokin jami'a sun riga sun tanadi hukuncinsu, har da kora. Wannan bai bayyana yadda aji guda, mai ƙoƙari da malalaci, ke makara tare ba. Wasu kuma za su nuna Jami'ar Al-Qalam mai zaman kanta da ke nan Katsina, wadda yajin ASUU bai shafe ta ba, su ce a koma can. Wannan shawara ce ga mai hali. Ta ma tabbatar da cewa gama karatu a kan lokaci ya zama abin da ake saye da kuɗi. Su kuma malamai suna da hujjarsu: yarjejeniyar 2009 da gwamnati ta sa wa hannu ta daɗe ba a cika ta ba, ɗakunan gwaji kuma sun lalace. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta amsa tambayar dalilin da zai sa ɗalibi ya biya bashin da gwamnati ta ci ba.

Gyaran a fili yake. Gwamnatin tarayya da ta jiha su daina sa hannu a kan alkawarin da ba su saka a kasafin kuɗi ba. Jami'o'i su riƙa fitar da sakamako da sunayen masu hidimar ƙasa a kan kari, su daina matse zangon karatu don cike giɓi, domin hakan ilimin yake ragewa. Majalisar Tarayya kuma ta gyara doka, a cire watannin yajin aiki daga lissafin shekarun ɗalibi wajen hidimar ƙasa da ɗaukar aikin gwamnati. 'Yan majalisarmu na Katsina za su iya gabatar da wannan ƙudiri, kuma iyaye suna da haƙƙin tambayarsu me ya hana.