A buɗe wa matasanmu ƙofar binciken lafiya a jami'o'i

A shekarar 2017 duniya ta ji labarin wani gwaji da aka yi a Madarunfa, cikin jahar Maraɗi. An jarraba wa jarirai fiye da 3,500 wani rigakafin zawo mai suna Rotasiil, wanda wani kamfanin Indiya ya haɗa, mai jure zafi irin namu. Gwajin ya yi kyau, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Ƙungiyar Likitocin da ba su da Iyaka da cibiyarta ta bincike ne suka ja ragamar aikin tare da ma'aikatar kiwon lafiya, ƴan ƙasa kuma suka yi ta shiga ƙauyuka suna bin lafiyar yaran.

Abin alfahari ne, amma akwai tambaya: idan irin wannan aiki ya ƙare, masu ba da kuɗi suka tattara nasu ya nasu, ina matasan da suka ƙware suke nufa? Mai sa'a ya samu wani kwantaragi na ɗan lokaci. Wani ya koma ɗakin awon jini na kuɗi. Wani kuma ya tafi ƙetare, ƙasar da ba ta kashe ko dala a karatunsa ba ta ci moriyarsa.

Alhali gurin aiki bai ɓace ba. Bayan jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, an buɗe na Maraɗi, Damagaram da Tawa a 2010, aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi a 2014. Muna kuma da cibiyar CERMES a Yamai, wadda ta daɗe tana bin diddigin sanƙarau. Sai dai gini ba ya bincike, mutum ke yi. Malamin da ɗalibai suka yi wa yawa, ga koyarwa ga gyaran takardu, yaushe zai zauna gaban na'urar hangen ƙwayoyin cuta? Ga shi hukumar CAMES, mai auna malaman jami'o'in ƙasashenmu, sai ta ga binciken da ya wallafa kafin ya ci gaba.

Cuta kuwa ba ta jira. A 2010 aka kawo rigakafin sanƙarau nau'in A, muka yi ajiyar zuciya. A 2015 sai nau'in C ya ɓarke, ya kashe mutane sama da 500. Gano irin wannan sauyi da wuri aikin masu bincike ne da ke zaune a gida, ba na baƙon da zai zo bayan an fara jana'iza ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Don haka muna kira ga magabata da su ware gurabe na dindindin a kowace shekara domin masu binciken lafiya, a sanar da su a rediyo da jaridu, a ɗauki mutum bisa cancanta, ba don ɗan wane ne ba. A tanadi kuɗin kayan awo da wutar lantarki cikin kasafin ƙasa. Duk wata yarjejeniya da abokan hulɗa kuma ta ƙunshi horar da ɗalibanmu da barin kayan aiki a jami'a.

A watan Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da cutar makantar kogi. Ashe za mu iya. Saura mu riƙe masu iyawar. Allah ya sa magabata su ji.