Laifin ba na firinta ba ne

A shagunan buga takardu na Lafiya, musamman lokacin rajistar ɗaliban Jami'ar Tarayya, da zarar takarda ta fito da gefenta a yanke sai a hau zagin firinta. Ni kam ina ganin an zalunce ta. Manhajojin adana bayanai da dama sukan zo a saite kan takardar Amurka mai faɗin milimita 216, alhali A4 da muke saya 210 ce. Wannan ɗan bambancin kan cinye layin rubutun da ke gefen dama. Mai shago ya gyara girman takarda a saitin manhajar, ya duba a allo tukuna. In rubutun ya ƙi shiga, a buga a kwance, kada a sake cajin ɗalibi.