Yaron Da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya

A kan hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Gwarzo akwai garin Garo, cikin ƙasar Kabo. Duk malamin da ya taɓa riƙe alli a makarantun wannan yanki ya san yaron da mu ke so mu yi magana a kansa yau. Ba sai mun ambaci sunansa ba, gama kowane aji yana da nasa. Shi ne wanda kafin a gama kiran suna ya miƙe sau uku. In akuya ta yi kuka a bayan taga, shi zai fara juyawa. Malam bai rufe baki daga tambaya ba ya yi farat ya amsa, amsar kuwa ta wata tambaya ce dabam. Jiya ya ɓad da fensir, yau ya bar littafi a gida, gobe kuma zai zo da littafin amma ya manta aikin da aka ba shi. Sunayen da mu ke kiransa da su suna da yawa: mai ƙiriniya, mai rawar kai, mai kunnen ƙashi, daƙiƙi. Maganin da mu ke ba shi kuwa guda ɗaya ne tak, watau bulala.

To, abin da mu ke so malamai su tsaya su tambayi kansu shi ne wannan: yaron nan ya sha bulala a aji ɗaya, ya sha a aji biyu, ga shi yau a aji biyar bai sāke ba. Ashe ko likitan da ya shekara biyar yana ba da magani ɗaya ba a sami sauƙi ba, ai ya kamata ya sāke duba cutar.

Masana sun daɗe da lura da wannan hali. Tun cikin 1798 wani likita ɗan ƙasar Sikotilan, Alexander Crichton, ya rubuta labarin mutanen da hankalinsu ba ya iya daɗewa a kan abu guda tun suna ƙanana. Cikin 1902 kuma Sir George Still, likitan yara a birnin Landan, ya yi wa 'yan'uwansa likitoci lacca uku a kan yara 43 waɗanda suka kasa kame kansu, alhali da yawa cikinsu ba su da raunin basira. Likitocin Amurka suka sa wa lalurar suna cikin 1980, suka gyara shi cikin 1987, shi ne a ke taƙaitawa da haruffa huɗu, ADHD. Da Hausa sai mu ce lalurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa ta cikin kundinta na cututtuka wanda ya fara aiki cikin 2022.

Mun san waɗansu za su ce wannan ai cutar 'ya'yan Turawa ce, waɗanda aka sangarta. Ba haka ba ne. Cikin 2007 waɗansu masana a ƙasar Barazil, ƙarƙashin Guilherme Polanczyk, suka tattara bincike 102 daga sassan duniya, suka iske wajen yara biyar cikin ɗari suna da ita. Malamin lissafi sai ya buga da kansa. Ajin da ya ke da yara 80, ba abin mamaki ba ne a sami huɗu a ciki. An kuma tabbatar gādo yana da babban rabo cikin al'amarin, saboda haka sau da yawa in ka bincika za ka ji an ce uban ma haka ya yi yana yaro.

Domin ma'aikatan ƙananan hukumomi, magada aikin En'e, su gane abin sosai, bari mu kawo misali daga ofis. Kowane ofishi mai tafiya daidai yana da magatakarda. Shi ne ya san takardar da za a fara da wadda za ta jira. Shi ya ke riƙe da umarnin shugaba a ka har a zartar da shi. Shi ya ke tare ƙofa kada kowa ya faɗo ana tsakiyar aiki, shi ne kuma mai duban agogo. To, a ƙwaƙwalwar ɗan Adam, sashen gaba, wanda ke bayan goshi, shi ke yin aikin magatakarda: tsara aiki, riƙe umarni, danne sha'awar da ta taso, da lura da lokaci. Yaron da mu ke zance, akawunansa ƙwararru ne, wani lokaci ma sun fi na abokansa, amma magatakardansa ne bai ƙosa ba. Cikin 2007 masu bincike a cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta gwamnatin Amurka suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara fiye da 400, suka ga cewa a wajen masu wannan lalura ƙosawar ƙwaƙwalwa tana jinkiri da misalin shekara uku, jinkirin kuwa ya fi yawa a wannan sashe na gaba. Watau ɗan shekara goma yana iya zama da basirar ɗan goma, amma kamun kai na ɗan bakwai. Ya san abin da ya kamata ya yi sarai. Aikatawa a kan kari ita ce ta gagare shi. Dūka ba ya gaggauta ƙosawar ƙwaƙwalwa, kamar yadda tsawa ba ta nunar da gero.

Amma fa kada malamai su ɗauki wannan magana su bi aji suna laƙaba wa kowane yaro cuta. Ƙiriniya halin ƙuruciya ce. Likitoci ba su yanke hukunci sai halin ya wuce na tsararrakinsa ƙwarai, ya kai wata shida, ya fara tun kafin shekara 12, an kuma gan shi a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta da Islamiyya, har yana ɓata wa yaron karatu ko zama da mutane. A ƙauyukanmu kuwa akwai abubuwa da yawa masu kama da ita. Yaron da ya fito bai karya kumallo ba, ba zai natsu ba. Haka wanda zazzaɓin cizon sauro ko ƙarancin jini ya raunana. Haka yarinyar da ta kai dare wajen talla. Akwai mai ciwon kunne wanda ba ya jin malam, da mai raunin ido wanda ba ya ganin allo. Akwai wata irin farfaɗiya wadda ba ta kā da mutum, sai dai yaro ya ƙura ido 'yan daƙiƙai bai san inda ya ke ba. Akwai kuma wanda a ke yi wa darasi da Turancin da bai ji ba, ya gaji da zaman banza ya shiga tsokanar na kusa. Duk waɗannan sai an kawar da su tukuna.

Kada kuma a manta da 'yammata. Lalurar tana da wata fuska wadda babu guje-guje a cikinta. Yarinya tana zaune shiru, kai ka ce ta fi kowa ladabi, alhali hankalinta ya yi nisa. Ita ba ta damun kowa, saboda haka ba mai lura da ita, sai ranar jarrabawa a ce ba ta da ƙwaƙwalwa, gara a cire ta. Assha! Wannan hasarar ta fi ta farko ɓoyuwa.

Me malami zai yi, ga aji cike maƙil, ga rashin kayan aiki? Mun san tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, mun kuma san abin da ke cikin takarda dabam, abin da ke cikin aji dabam. Ba za mu yi wa malamai wa'azin abin da ba shi yiwuwa ba. Amma dabarun da suka fi amfani ba su bukatar ko kwabo.

Mafi girmansu ma tana nan a gidanmu tun kaka da kakanni. Ku dubi makarantar allo. Alaramma ba ya ɗora wa ƙaramin almajiri sura mai tsawo gaba ɗaya. 'Yan layuka kaɗan a ke rubuta masa, a biya masa, ya maimaita da bakinsa, in ya riƙe ya kawo a ji, sa'an nan ya wanke a yi masa ƙari. Aiki gajere, biyawa da baki, sakamako nan take. Abin da masanan zamani su ke ba da shawara ke nan ga mai wannan lalura. Maimakon a ce masa ya fito da littafi, ya buɗe shafi kaza, ya yi lissafi goma, ya ja layi, ya kawo, sai a ba shi umarni ɗaya, a sa ya faɗa da bakinsa, in ya cika a ba shi na biyu. Lissafi goma a raba masa uku-uku, yana gamawa yana kawowa. Tasowar nan da ya ke yi zuwa teburin malam ita kanta magani ce.

Sa'an nan a zaunar da shi gaba, kusa da malam, nesa da taga da ƙofa, a gefen yaro natsattse. Tun da jikinsa yana neman motsi, to, a ba motsin aiki: shi ne mai share allo, mai raba littattafai, mai ɗauko alli daga ofishin hedimasta. Kada a hore shi da hana shi fita tara, gama wanda aka hana gudu a fili zai yi gudunsa a cikin aji. Malam ya shirya wata alama tsakaninsa da shi, kamar ƙwanƙwasa tebur da yatsa, domin a maido da hankalinsa ba tare da an kunyata shi gaban jama'a ba. A rubuta masa kayan da zai zo da su kullum a bangon littafinsa. Abin da ya fi wuya ga malami, amma ya fi kome tasiri, shi ne yabo. Yaron nan tun da ya yi wayo ba ya jin sunansa sai tare da tsawa. Ran da ya zauna minti goma yana aiki, a faɗa masa a take, kada a bari sai ƙarshen zango. Hankalinsa ba ya riƙe alkawarin nesa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malami ya nemi uban yaro ko uwarsa tun ba a kai ga ƙara ba, ya bayyana musu cewa ɗansu ba lalatacce ba ne, ba kuma sakacinsu ya jawo ba. Wata 'yar takarda mai abu biyu ko uku, kamar zama wurinsa da gama aiki, wadda malam zai sa wa alama kullum yaro ya kai gida, an gwada ta a ƙasashe dabam-dabam an ga amfaninta. In iyaye ba su karanta boko, a rubuta da ajami, ko a yi zane.

In duk an yi wannan abin ya faskara, sai asibiti. A fara da na kusa, kamar babban asibitin Gwarzo, a duba jini da ido da kunne, daga nan in ta kama a tura shi wurin likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Akwai magani, an kuwa san shi tun 1937, sa'ad da likita Charles Bradley a Amurka ya ga wani sinadari yana natsar da irin waɗannan yara. Amma magani ne mai ƙarfi wanda hukuma ta tsare, likita kaɗai ke rubuta shi. Ga waɗanda ba su kai shekara 6 ba ma, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a fara da koya wa iyaye dabarun reno. Muna gargaɗi da babbar murya, kada wani ya je kemis ya sayo wa yaro maganin barci da sunan natsuwa.

Dalilin da ya sa muka damu shi ne mun san inda wannan hanya ta ke ɓullewa. Yaron da ya shekara shida ana ce masa daƙiƙi, ƙarshe ya kan yarda, ya bar makaranta ya koma tasha. Bincike ya nuna waɗanda aka bari da wannan lalura ba kulawa sun fi saurin faɗawa shaye-shaye. Ba mu manta da 2018 ba, sa'ad da gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Ba mu manta da 2019 ba, sa'ad da 'yan sanda suka fito da mutane wajen 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Ba mu ce duka masu wannan lalura ba ne. Amma iyaye ba su kan kai ɗa irin wurin nan ba sai sun rasa yadda za su yi, da yawa kuwa da an fahimce su tun suna aji biyu da ba a kai can ba.

Saura rabon hukuma. Jihar Kano ta shelanta ilmi kyauta kuma dole cikin 2019, ta kuma sa dokar ta-ɓaci a kan ilmi cikin 2024. Madalla. Amma in aka ce dole yaro ya zo, to, ya zama dole a san yadda za a yi da shi in ya zo. Makarantar Tudun Maliki a Kano tana kula da makafi da kurame; wannan yaro kuwa wurinsa ajin kowa da kowa, malamin aji ne gatansa. Jami'ar Bayero tana da sashen ilmin masu bukata ta musamman. Me zai hana Sakatarorin Ilmi na Kabo da Gwarzo su haɗa kai, su roƙi hukumar ilmin firamare ta jiha ta gayyato malaman wannan sashe su yi wa hedimastoci bita ta kwana biyu lokacin hutu? Masu duba makarantu kuma, in sun je, ban da ƙirga kujeru da duba rajista, su tambayi hedimasta yara nawa ne suka daina zuwa a wannan zango, su wane ne, kuma wa ya bi sawunsu har gida. Akawun da ke tattara waɗannan rahotanni ya buɗe musu fayil nasu dabam, ya riƙa sa shi gaban Sakatare a ƙarshen kowane zango.