Sai Alhaji Ya Dawo

Duk wanda ya taɓa bin kuɗinsa a wani kamfanin ɗan kasuwa a Kano ko Kaduna ya san wannan amsar: sai Alhaji ya dawo. Ga manaja, ga akawu, ga ofis mai sanyi, amma babu mai ikon sa hannu ko a cek ɗin kuɗin dizal. Alhaji ya tafi Umara, aiki ya tsaya cak. Ranar da ta Allah ta kasance kuwa, kafin sadakar arba'in an fara maganar rabon motoci da shaguna, yaran gida kowa ya kama gabansa.

Mukan ɗora wa 'ya'ya laifi, mu ce ba su gaji ubansu ba. Ni a wurina daga maigidan ɓarnar ta faro. Shekara talatin makullin sito yana aljihunsa, lissafi yana kansa. Yaron da ya ce "ranka ya daɗe, wannan cinikin akwai faɗuwa" sai a ce baƙin ciki yake yi, ɗan amshin Shata kuma a ba shi kujerar Makka. A ina wanda ba a taɓa bari ya yanke shawara ba zai koyi yanke ta?

Kuma ba a ce raba iko baƙon abu ne a gare mu ba. Tun 1812 Shehu Usmanu ya danƙa ragamar mulki ga ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya koma ga karantarwa, shekara biyar kafin rasuwarsa. A Kano kowa ya san Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta su ne masu zaɓen sarki. A kasuwa ma, Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955 amma kamfaninsa bai bi shi ba: ɗansa Ahmadu ya riƙe, da ya rasu a 1960 ɗan'uwansa Aminu ya karɓa, domin tun da ran mahaifinsu suke cikin harkar.

Amma ƙungiyoyinmu na ci gaban gari su ma tafiyar "sai Alhaji ya dawo" suke yi. Tsarin mulki na cikin durowa, zaɓe ya wuce lokacinsa, ma'aji surukin shugaba ne, kuma kunya ta hana kowa tambayar rasit. Ba sai an ɗauko ƙwararre daga Legas ba: mutum biyu su riƙa sa hannu a asusu, a karanta lissafi a gaban taro, mataimaki kuma a bar shi ya jagoranci zama alhali shugaba yana gari, lafiyarsa ƙalau.